Garin neman gira kada a rasa ido: gyaran hoton kayan sana'a cikin salula

  

Na alkawarta muku za mu ci gaba da maganar rubuta bashi cikin kaye, amma wani abu ya faru cikin ƙungiyarmu da ya tsaya mini a rai, sai na ce bari mu aje waccan har wata fitowa. Maganar hoto ce. Kada wata ta taɓe baki ta ce wannan sha'anin ƴan mata ne da samari. Tun 1991 da aka soma Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, iyayenmu da yayyenmu tallarsu bisa kan yarinya take, cikin faranti. Yau da yawa daga cikinmu farantin ya koma cikin salula. Mai man gyaɗa, mai ƙuli-ƙuli, mai turaren wuta, mai zannuwan gado, har mai kiwon rago, kowa na ɗaukar hoto ta sa a WhatsApp, kuma mai saye da ke nesa ba ta da abin dubawa sai hoton nan.

Ga abin da ya faru. Wata ƴar ƙungiyarmu, mace mai kamun kai wadda ba ta taɓa makara da zubi ba, ta ɗauki jikka 60 cikin asusu ta saro atamfa a babbar kasuwa. Atamfar mai kyau ce, ruwan hanta da ɗan zane fari. Ta shimfiɗa ta cikin ɗaki da dare ta ɗauki hoto, ya fito da duhu. Sai ta miƙa ma ɗanta salular ta ce ya gyara mata. Yaro ya danna nan ya danna can, ya miƙo mata hoto yana walƙiya, atamfa ta koma ja wur kamar tumatir. Ta ce kai, amma ya yi kyau. Ta sa shi. Wata Hajiya a Yamai ta gani, ta ce irin jan nan take nema na ankon bikin ɗiyarta, a aiko mata turmi shida. Aka ɗaure kaya, aka kai tasha, aka biya kuɗin mota.

Da kaya suka isa, Hajiya ta buɗe ta ce ba wannan ta gani ba. Kuma da gaskiyarta. Ta maido kaya, kuɗin mota zuwa da dawowa ya hau kan ƴar uwarmu, kuɗin da aka riga aka turo ta maida. Bai tsaya nan ba. Hajiya ta yi saƙon murya ta sa cikin wani gurup na matan unguwarsu, wai a yi hankali da matan asusun wuri kaza, abin da suke nunawa daban, abin da suke aikowa daban. Sunan ƙungiyarmu na rubuce a ƙasan hoton. Ranar da wa'adin bashi ya cika, baiwar Allah ta zo taro ba ta da abin biya, ta zauna bakin tabarma tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce mini, "Shugaba, wallahi ban yi niyyar cutar kowa ba." Na sani. Duk mun sani. Sai dai Hajiyar Yamai ba ta san halinta ba, hoto kawai ta sani.

Daren nan na kira ɗiyata da ke lise na ce ta zauna ta koya mini abin nan tun daga tushe. Dare uku muka yi. Abin da na fahimta shi zan ba ku, kuma tun yanzu in faɗi inda na tsaya: gyaran hoto aikinsa shi ne ya maido hoton kusa da abin da idonki ke gani in kayan na gabanki. Kamera ba ta gani kamar ido. Takan ƙara duhu, takan juya launi, takan kwaso tarkacen da ke gefe. Wannan ɓarnar ake gyarawa.

Kalmar farko da yarinyar ta faɗa mini ta ba ni haushi, don gaskiya ce. Ta ce, "Inna, goge idon kamerar tukuna." Na juya salular na duba, ga ƙurar hunturu ga maiƙon girki. Na goge da gefen zane mai laushi, na sake ɗauka, sai ka ce an sauya mini salula. Hazon da datti ke kawowa yana da wuyar cirewa da manhaja. Hakanan hoton da hannu ya yi rawa. Don haka rabin gyara kafin a danna ake yin shi. Ki fitar da kaya waje da hantsi ko bayan la'asar, ki aje su cikin inuwa mai haske, bakin ƙofa ko gindin bango, hasken ya fito ta bayanki ko ta gefenki ya faɗa bisa kayan. Rana tsaka tana ƙone fari ta kuma sa inuwa baƙi ƙirin. Ki kiyayi rumfar leda mai launi, shuɗiya ko koriya, don launinta na sauka bisa kayan ba ki sani ba. Fitilar salula da dare kuwa sai ta sa leda da kwalba su yi ta ƙyalli, ba a ganin abin da ke ciki. Ki shimfiɗa farin zane ko tabarma marar ado, ki taɓa kayan da yatsa bisa gilashin salula don kamera ta san su kike nufi, sannan ki ɗauka, uku ko huɗu, ki zaɓi na kirki.

Kada ki buɗa yatsu biyu ki jawo kaya kusa. Ki taka da ƙafarki ki matsa. Dalili shi ne hoto ƴan ɗigo-ɗigo ne ƙanana ƙwarai da aka jera, kamar duwatsun ado bisa hula. A yawancin salulolinmu in kika jawo da yatsu, ɗigon bai ƙaru ba, an dai baza kaɗan ɗin da ke akwai ne, kamar a dama fura ɗaya ma mutum biyar.

To, an ɗauki hoto. Ina ake shiga a gyara? Ba sai kin sayi komai ba. Ki buɗe galeri, ki taɓa hoton, ki duba ƙasa za ki ga alamar fensir, ko ƴan layuka masu ƙulli-ƙulli. In salularki da Faransanci take, an rubuta Modifier. Tecno da Itel da Infinix da Samsung kowace da yadda ta jera abubuwanta, amma alamomin kusan ɗaya ne, kuma wadda ba ta karatun boko ma tana iya riƙe su da ido.

Kafin ki taɓa komai, ki tabbata hoton asali ba zai ɓace ba. Wasu saluloli in kin gama gyara suna aje sabo su bar tsohon, wasu suna tambayarki, wasu kuma su danne tsohon da sabon. Inda kika ga Enregistrer une copie, shi za ki taɓa. In ba ki tabbata ba, ki gwada da wani hoton banza, ki koma galeri ki ga ko sun zama biyu. Na asalin nan shi ne uwar kuɗi. In gyara ya lalace gare shi ake komawa, in kuma gardama ta tashi da mai saye, shi ne shaidarki.

Gyara na farko, wanda ya fi kowane amfani kuma ba ya cutar kowa, shi ne yanke gefe. Alamarsa kamar kusurwa biyu ne da aka sarƙa. In kin taɓa, wani shinge zai kewaye hoton, sai ki ja kusurwoyinsa ciki har buta da takalmi da ƙafar yaro da wutsiyar akuya su fita. Ki bar ma kayan ɗan fili su sha iska, kada ki yanke har bakin kwalba. Za ki ga wasu lambobi a nan. 1:1 shi ne mai kusurwa huɗu daidai, tsawo da faɗi ɗaya. 9:16 shi ne dogo, wanda ke cika gilashin salula, shi ya dace da sitati, wurin nan da hoto ke yin awa 24 ya ɓace. A wurin yankan nan kuma akwai wani ma'auni da ake ja hagu ko dama a miƙe hoton da ya karkace. Masu man gyaɗa ku duba bakin man cikin kwalba, in ya kwanta daidai to hoto ya miƙe.

Amma yanka ma yana da tarkonsa. In kika yanke komai kika bar kwalbar turare ita kaɗai ta cika hoto, wadda ke Tawa ba ta san ko ƙaramar ce ko babbar ba. Ƴar kwalbar da ba ta wuce yatsa ba sai ta yi kama da ta lita. Ki bar hannunki cikin hoton yana riƙe da ita, ko ki rubuta awon: lita ɗaya, tiya biyu, turmi ɗaya.

Sai haske. Alamarsa rana ce. In kin taɓa, layi zai fito da ɗigo a tsakiya, ja dama ƙari, ja hagu ragi. Abin da ya sa ake bukatarsa, kamera kintace take yi. In ta ga fari ya yi yawa, kamar farin zanen da kika shimfiɗa, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, kayanki su yi duhu. In ta ga baƙi ya yi yawa, kamar rini na shuni, sai ta ƙara, baƙin ya koma toka-toka. Ke ce za ki maida shi daidai. A hankali ake ja. Ni dai ban cika wuce 15 ko 20 ba a salularmu, kuma in na ga sai na kai ƙarshen layi kafin hoto ya ganu, na san hoton ne bai yi ba, gara in fita waje in sake ɗauka. Wasu saluloli suna da wurin haskaka inuwa kaɗai ba tare da an taɓa sauran ba, wannan yana da amfani ga kaya masu duhu. Amma farin da rana ta riga ta ƙone, kamar adon farin leshi da ya zama fari fat babu zane, ba ya dawowa ko me kika ja.

Ga wani abu da ni kaina na daɗe ina yi ban sani ba. Da yake kuran ba kullum ba, mukan rage hasken gilashin salula don sharji ya daɗe. To in kika yi gyara a hakan, kowane hoto za ki gan shi da duhu, ki yi ta ƙara mishi haske, ya isa salular mai saye fari tas kamar an wanke shi da omo. Ki ƙara hasken gilashi kafin ki soma. Kuma akwai wani abu da wasu saluloli ke kunnawa da dare wai don kare ido, yana sa gilashi ya yi rawaya-rawaya. Ki kashe shi, in ba haka ba launin da kike gani ba shi ne na hoton ba.

Yanzu mu zo ga launi, inda ƴar uwarmu ta faɗa rami. Wurare biyu ne, kuma ba aikinsu ɗaya ba.

Na farko alamarsa yawanci kamar ma'aunin zafin jiki na likita ne. Shi ke karkata hoto wajen rawaya ko wajen shuɗi. Kun lura farar riga ƙarƙashin wani ampul takan yi rawaya, ƙarƙashin fitilar sola ko cocila kuma ta yi shuɗi-shuɗi? Idonmu ya saba, yana gyarawa da kansa, kamera kuwa wani lokaci ta dace wani lokaci ta kuskure. Dubarar da ɗiyata ta nuna mini ta burge ni: ki yago farar takarda daga kaye, ki aje ta gefen kayan kafin ki ɗauka. Wajen gyara sai ki ja ma'aunin nan kaɗan-kaɗan har takardar ta zama fara kamar yadda take a hannunki. In takarda ta yi daidai, launin kayan ma ya matso daidai. Daga baya ki yanke takardar ta fita. Wannan gyara ne na gaskiya, don ɓatan da kamera ta yi kike maidowa hanya.

Na biyun shi ne mai ƙara ƙarfin launi, alamarsa sau da yawa ɗigon ruwa ne. Wannan shi ne gishirin hoto, kuma hannu na saurin zarcewa. Da kin ja shi dama, ja ya ƙara ja, kore ya ƙara kore, rai ya ji daɗi, ki ƙara ja. Man gyaɗa ya koma kamar manja. Kilishi ya yi ja kamar an zuba mishi galura. Albasar Galmi da duniya ta sani da launinta mai sanyi ta koma kamar furen roba. Shawarata, mai sayar da tufafi ta bar wurin nan yadda ta same shi. Hakanan jerin ƴan hotunan nan da ke fitowa a ƙasa masu sunaye iri-iri, waɗanda yara ke ce ma filta, da taɓawa ɗaya su sauya haske da launi gaba ɗaya. Su ne suka maida ruwan hanta ja wur. In hoton sallah ne na yara, a yi wasa da su, ba laifi. In na kayan sayarwa ne, a bar su.

Awon da ba ya ƙarya shi ne wannan: ki ɗauko kayan, ki fita inda haske yake, ki riƙe salula gefensu, ki dubi wannan ki dubi wancan. In akwai wata kusa, ki tambaye ta, don idon mai kaya yana son kayansa. A cikin Google Photos da Snapseed, in kika danna yatsa bisa hoton kika riƙe lokacin gyara, zai nuna miki yadda yake da farko, in kin saki ya dawo gyararre. Nan za ki gane ko kin yi nisa. Kuma ku sani akwai launukan da ke ba kamerar salula wuya, musamman ruwan hanta da shunayya, wanda sau da yawa yakan fito shuɗi. Gilashin saluloli ma ba ɗaya ba ne, abin da Itel ɗinki ta nuna ba lalle shi Samsung ɗin Hajiya za ta nuna ba. In kin yi iya yinki launi bai zo daidai ba, ki faɗa da baki. Saƙon murya na daƙiƙa goma, "Hajiya, a ido ya fi hoton duhu kaɗan, ruwan hanta ne ba ja ba," da ya tsare ma ƴar uwarmu kuɗin mota biyu da mutuncinta.

Bari in ɗan ratse, tunda muna maganar launi. Na ga hotunan taron wata ƙungiya an turo mini, na kasa gane matan da na sani shekara goma. Duk sun yi fari, fuska sumul babu ko layi ɗaya, tsohuwa mai jikoki ta koma kamar amarya. Ashe kamerar ce ke da wurin ƙawata fuska, kuma a kunne ya zo. Ni wannan abin ba ya burge ni. Muna faɗa da ƴaƴanmu kan man shafe-shafe, sannan mu bar salula tana yi mana bilicin kyauta? Ku nemi alamar fuska ko ta tauraro cikin kamera ku kashe. Baƙar fata in ta samu haske mai kyau ba ta bukatar taimakon kowa.

Akwai kuma sabon abu da ke cikin wasu manhajoji, wanda in kin shafa yatsa bisa wani abu cikin hoto sai ya goge shi kamar bai taɓa zama ba. Na gwada, abin mamaki ne. In ƙuda ne ya sauka bisa faranti, ko ɗan kara ya faɗo bisa zane, a goge. Amma tabon da ke jikin atamfa, ko ɗinkin da ya karkace, ko raunin da ke ƙafar rago, in kika goge shi a hoto yana nan a jikin kaya, kuma zai isa hannun mai saye. Malamai sun sha ba mu labarin mai hatsin da ya sa busasshe a sama ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, da abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya nuna mishi. Ni a ganina hukuncin bai sauya ba don an koma salula. Kaya mai aibi a ɗauki hoton aibin, a rage kuɗi, mai so ta saya da saninta.

Rubutu bisa hoto ba shi da wuya. Alamarsa harafin T ne, ko cikin galeri ko cikin WhatsApp kafin ki tura. Sunan kaya, awo, kuɗi, sunan ƙungiya ko lambarki, ya isa. Ki aje shi a sama ko a ƙasa inda babu kaya, fari bisa duhu ko baƙi bisa haske. Abu biyu dai ku kiyaye. Na ɗaya, kuɗi. Mu da baki dala muke ƙirgawa, in mun ce ɗari muna nufin takardar 500. In kika rubuta 100 bisa hoto kina nufin dala ɗari, wata za ta karanta faran 100 ta zo da dala ashirin, a yi ta cacar baki. Ki rubuta yadda yake a jikin kuɗin, 500 F, 2.500 F, kowa ya gane. Na biyu, haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa in an saka ta, amma wasu salon rubutu masu ado cikin manhajojin gyara ba su san haruffan nan ba, sai ki rubuta ƙuli-ƙuli ki ga akwati ya fito a wurin ƙ. In haka ta faru ki sauya salo ki ɗauki marar ado.

Sunanki a jikin hoto yana kuma hana wata ta ɗauke shi ta yi tallar nata kayan da shi. Mu ma kada mu yi ma wasu. Hoton zanen gado da aka kwaso daga intanet, an shimfiɗa shi cikin ɗakin da ba irin namu ba, ba naki ba ne ko da zanen ya yi kama.

Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto don kada ya ci mega da yawa, shi ya sa wani lokaci zanen leshi ke dushewa. Tun 2023 sun sa wata alama HD a saman hoto kafin a tura, in kin taɓa ta hoton zai je da kyansa fiye da na kullum, sai dai ya fi cin mega kuma in rezo ba ƙarfi yakan daɗe. Ni ina amfani da ita in mai saye ta riga ta nuna da gaske take. Kada kuma ki ɗauki hoton gilashi na hoton da aka turo miki, ki gyara, ki sake turawa. Kowane zagaye yana rage mishi kyau. Kullum daga na asali ake somawa.

Saura magana ɗaya, kuma ta fi ta atamfa nauyi. Hotunan taronmu. Na sha ganin an ɗauki hoton kaye an tura gurup don a nuna lissafi, ga sunayen mata, ga bashin kowace, ga lambobin salula. Na ga hoton ranar rabo, kuɗi tsibi-tsibi bisa tabarma, akwatin asusu a buɗe, ana gane gidan da ake taron. Ƴan uwa, mun sa ma akwati kwaɗo uku mun raba makullai ga mata uku, sannan mu nuna ma duniya inda yake kwana? A zamanin nan da muke ciki, musamman ƙauyukanmu na bakin iyaka, wannan ba abin wasa ba ne. Abin da bai kamata a gani ba a yanke shi ya fita, shi ya fi tabbas. In ba ya yankuwa, a shafe shi da alƙalamin da ke cikin wurin gyara, baƙi mai kauri, a buɗa hoton a duba ko ana iya karanta na ƙasa, don akwai alƙalami mai shara-shara da ba ya rufe komai. Fuskar mace kuwa, a tambaye ta kafin a sa. Wata maigidanta bai yarda ba, wata tana da dalilinta da ba sai ta faɗa ba, kuma hoton da ya fita ba ya dawowa ko kin goge naki. A ƙungiyarmu mun yanke cewa hoton rabo hannuwa kawai za a riƙa ɗauka, ko a ɗauka bayan an tattara kuɗi.

Wata za ta tambaya wace manhaja za ta saka. Duk abin da na lissafa, galerin salularki da WhatsApp suna yin kusan dukansa. In kina son ƙari kuma akwai wuri cikin salula, Snapseed ta kamfanin Google kyauta ce, kuma in an riga an saka ta tana aiki ba tare da mega ba. Waɗanda ke cika miki ido da talla, ko su nemi izinin shiga lambobin mutanenki alhali gyaran hoto kawai kike so, ki cire su.

Ita kuwa ƴar uwarmu, taro ya ƙara mata wata ɗaya. Muka fitar da atamfar nan da hantsi muka shimfiɗa gindin bango, muka aje farar takarda a gefe, ita da kanta ta ɗauka, ta yanke, ta ƙara haske kaɗan, ta rubuta "ruwan hanta" a ƙasa. Turmi huɗu sun tafi, biyu na nan. Na kira Hajiyar Yamai da kaina na ba ta haƙuri na faɗa mata yadda aka yi. Ta saurare ni, ta ce ba komai, amma ba ta ce za ta janye saƙon da ta sa cikin gurup ba, ni ma ban roƙe ta ba.

Taro mai zuwa, shugabannin ƙungiyoyi ku ware rabin awa bayan zubi. Kowace mai salula ta zo da ita da sharji, da abu ɗaya cikin kayan sana'arta, da farar takarda. Wadda ba ta da salula ta zauna kusa da mai ita, don idonta ake bukata wajen gwada launi. Maganar kaye kuma tana nan, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.